Feshin kumfa a ƙarƙashin kwanon rufi a Gombe: ina ingancin aikin?

Masu feshin kumfar polyurethane, wani sinadari da ke kumbura ya daskare ya tare zafi, sun fara karɓar aiki a sababbin gidajen Gombe, kuma tsarin yana rage zafin Maris da Afrilu sosai, amma sai an bi ƙa'ida. Ana fesa kumfar a jikin kwanon daga ciki, sannan a toshe duk ƙofofin iska da ke tsakanin kwano da silin. In aka bar ƙofa ɗaya, iska mai zafi za ta shiga, kuɗin ya tafi a banza.

A nemi kumfa mai rufaffen ƙwayoyi, wato wadda ƙananan ramukan cikinta a rufe suke, domin ba ta shan ruwa. Inci ɗaya nata yana ba da kusan R-6 a ma'aunin R, wanda ke nuna ƙarfin tare zafi. A Amurka, dokar gini ta gidaje tana neman R-30 a yankuna mafi zafi, wato kusan inci 5. A nan Gombe kuwa, wasu ma'aikatan inci ɗaya suke fesawa su karɓi kuɗi. A soka ƙusa a wurare da dama a auna kaurin kafin a biya.

Kada kaurin da za a fesa a karo ɗaya ya wuce inci 2, don kumfar tana ɗaukar zafi yayin kumbura, har tana iya ƙonewa. Ƙurar hunturu da maiƙon sabon kwano suna hana ta mannewa, dole a goge. A gyara yoyo tukuna, domin bayan feshi gano shi yana da wuya. Kumfar tana cin wuta, saboda haka silin ya zama na POP ko allon jifsum, iyali kuma su jira awa 24 kafin su koma.