Beterab Detroit ko Plate d'Egypte, kuma ina matsayin karoti?

Wani ɗan'uwa mai garka a wajen Jiratawa ya tambaya wane irin beterab (jan tushen nan da ake sawa a salati) ya kamata ya saya tsakanin Detroit da Plate d'Egypte, waɗanda ya gani wajen masu sayar da iri a cikin Maradi, sannan ko gara ya bar beterab ɗin ya zuba karoti a dukkan fangalan nasa.

Malam, bambancin farko yana ga siffa. Detroit mai ƙwallo ne, jansa ya yi duhu har ciki, kuma tsohon iri ne da wani kamfani a birnin Detroit na Amurka ya fitar a 1892. Plate d'Egypte kuwa shimfiɗaɗɗe ne kamar fai-fai, yawancin jikinsa a saman ƙasa yake zama, saiwarsa ƙarama ce kawai ke nitsewa. Wannan siffar ce ke sa ya fi jure ƙasar fadama mai tauri, irin wadda ke daskarewa bayan ban ruwa, inda Detroit kan fito a karkace idan ba a yi kaftu mai zurfi ba.

Wajen saurin nuna, Plate d'Egypte ne kan gaba, domin ana iya soma cirarsa cikin wata biyu ko ƙasa da haka, shi kuwa Detroit yakan ƙara mako ɗaya ko biyu. Sai dai saurin nan yana da farashi: da zarar an bar shi ya wuce lokacinsa, sai cikinsa ya yi zare-zare, alhali Detroit yana haƙurin zama a ƙasa, kana cira kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da kasuwa ta ɗauka. A ganina wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci ga mai sayarwa, saboda beterab ba kayan miya ba ne da kowane gida ke nema kullum. Masu haɗa salati da masu gidajen abinci ne manyan masu sayensa.

Dukkansu biyun 'yan lokacin sanyi ne, sun fi yin kyau idan zafi yana tsakanin digiri 15 da 25, don haka shukar Nuwamba zuwa farkon Disamba ta fi dacewa da su. Idan shuka ta yi latti har zafin Maris ya tarar da su, sai ka ga fararen zobba a cikin ƙwallon, launin ya koɗe. Wanda ya makara, ya ɗauki Plate d'Egypte. Kuma ka lura cewa ƙwayar beterab dunƙule ce mai ɗauke da 'ya'ya biyu zuwa huɗu, shi ya sa tsiro ke fitowa a cunkushe, dole a rage shi a bar tazarar santimita 10 tsakanin tushe da tushe, in ba haka ba ganye kawai za ka girba. Ganyen ma ana cin sa kamar alayyafo, bai kamata a zubar ba.

Karoti kuma halinsa daban ne. Yana son ƙasa mai rairayi da laushi, ba ya karɓar dashe ko kaɗan, irinsa kan yi kwana goma zuwa ashirin kafin ya tsiro, kuma a duk tsawon kwanakin nan bai kamata saman fangali ya bushe ba. Ɗanyen taki yana sa shi ya yi rassa, sai dai a zuba masa ruɓaɓɓen taki. A cikin ire-iren karoti, Nantaise ya fi zaƙi da laushi, New Kuroda ya fi jure zafi, dukansu kuma sukan kai wata uku. Wahalarsa ta fi ta beterab, amma masu sayensa sun fi yawa nesa ba kusa ba, tun daga 'yan makaranta har masu dafa shinkafa.

Shawarata ita ce ka ba karoti mafi yawan wurin, musamman ɓangaren da ƙasa ta fi rairayi, ka ware fangali biyu ko uku na Detroit, ka shuka su da tazarar mako biyu tsakaninsu don kada su nuna lokaci ɗaya. Kada ka sa rai da ajiye iri daga gonarka, domin beterab ba ya fure sai ya sha sanyi mai tsanani na tsawon makonni, irin wanda hunturunmu ba ya kaiwa, saboda haka kowace shekara sai an sayi sabo, a kuma duba kwanan watan da ke jikin gwangwani kafin a biya kuɗi.