Rifaximin ya dawo mini da alwalata, amma ba wanda ya gaya mini ciwon zai dawo

Da rana ta shida da fara shan rifaximin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka ba ni don SIBO, wato yawaitar bakteriya a ƙaramin hanji, zan fara, don ita ce ta sa na zauna rubuta wannan sharhi. Muna masauki a Alƙahira, na yi alwala na yi Azahar, da wannan alwalar na yi La'asar, kuma ita ta kai ni Magariba. Wanda bai san wannan larura ta kumburin ciki da yawan fitar iska ba zai ce mene ne abin labari a nan. Ni shekara bakwai rabona da haka. Da na sallame Magariba kasa tashi na yi daga kan darduma, sai hawaye. Hajiya, wadda ita muka kawo aikin gwiwa, ta ɗago daga kan gado ta ce, "Kai, lafiya kuwa?" Na ce, "Hajiya, alwalar Azahar ce har yanzu." Ta yi shiru can, sannan ta ɗaga hannu ta yi ta hamdala. Ita ta san sau nawa ta ga na dawo daga masallaci ana tsakiyar sallah.

Abin da nake fama da shi tun kafin nan, ko loma biyar na ci, kafin rabin awa cikina ya yi tam kamar ganga, sai na sassauta mazagi. Sai ƙugi, sai gyatsa, sai iska wadda ba ta da lokaci, ga gudawa kwana biyu ko uku a mako. A masallacin unguwarmu ni ake turawa gaba idan liman ya yi tafiya. Na daina yarda. Daga baya ma na koma tsayawa a ƙarshen sahu kusa da ƙofa. Wani malami ya yi mini bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai irin wannan larura, na gode masa, amma zuciyata ba ta taɓa kwanciya ba. Ina sujada hankalina yana cikina.

Sunaye kam an ba ciwon. An ce olsa ce, aka ɗora ni a kan omeprazole, maganin rage sinadarin tumbi, na sha shi kusan kullum da safe har shekara shida. An ce taifot ne, ban san sau nawa aka yi mini wannan gwajin jinin ba, kowane karo sai an rubuta magani. A gida kuma kowa ya ce basir ne, na sha jiƙe-jiƙe, na sha kanwa har na gaji.

Yayana ne ya matsa. Ya ce, "Tunda kana can, ka je ka ga likitan ciki, ni zan biya." Aka zura mini kyamara ta baki, ba gyambo ko ɗaya. Sai likitan ya tura ni gwajin numfashi. Kwana ɗaya kafin gwajin ba na cin komai sai farar shinkafa da ƙwai da gasasshiyar kaza, sannan awa 12 ba ci. Ya kuma tabbatar na yi mako huɗu ban sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, don yana ɓata sakamakon. Da safe aka ba ni giram 10 na wani ruwa mai zaƙi, lactulose, na sha, na zauna ina hura iska cikin na'ura duk bayan minti 20 har awa uku. Hikimar ita ce jikin ɗan Adam ba ya yin iskar haidurojin da kansa, ƙwayoyin bakteriya ne ke yin ta idan sun ci sukari, ta shiga jini ta fito ta huhu. Mazauninsu babban hanji ne. To idan iskar ta ƙaru da ma'auni 20 kafin a cika minti 90, ana ɗauka sun hauro sun yi yawa a ƙaramin hanji, suna cin abinci tun kafin jiki ya tsotse shi. Tawa ta wuce nan tun ana awa ɗaya. Sunan ciwon SIBO. Gwajin jini kuma ya nuna bitamin B12 ɗina ya yi ƙasa, don ƙwayoyin suna cinye shi, kuma a nan na gane dalilin kasalar da ake ta ce mini lalaci ne.

Sai likitan ya rubuta mini rifaximin, ƙwaya mai miligiram 550, sau uku a rana, kwana 14. Abin da ya burge ni da maganin shi ne kusan duk a cikin hanji yake tsayawa, ɗan kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Ni da na sha metronidazole, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, har bakina ya koma ɗanɗanon ƙarfe, wannan ban ji komai ba sai ɗan ciwon kai a kwana biyun farko. Na dawo Kano kamar an sake ni daga ɗauri. Na ci ƙosai, na sha fura da nono, ba abin da ya motsa. Wata biyu da dawowata liman ya tafi Umara, na ja sallar Isha'i, na karanta doguwar sura ba na tsoron komai. A lokacin da an ce in ba maganin nan maki, da cikakke zan ba shi, har na tura hoton kwalinsa ga mutum huɗu da na san suna fama da kumburin ciki. Wannan turawar tana damuna yanzu, don ba wanda ya yi gwaji a cikinsu, kuma ba kowane kumburi ne wannan ciwo ba.

A wata na biyar ciwon ya dawo. Da kaɗan-kaɗan ya fara, ina ce wa kaina waken jiya ne, kafin mako uku na koma bakin ƙofar masallaci. Wallahi wannan karon ya fi na farko ciwo a zuciya, domin na ɗanɗani lafiya.

A nan ne raina ya ɓaci, kuma har yau idan na tuna sai ya sake ɓaci. Da na shiga karatu sai na tarar dawowar ba wani abin mamaki ba ce a wajen likitoci. Akwai binciken da aka yi a Italiya aka buga a 2008, inda aka bi mutanen da rifaximin ya warkar, sai aka ga kusan kashi 44 cikin 100 ciwon ya dawo musu cikin wata tara, kuma daɗewa a kan magungunan rage sinadarin tumbi irin omeprazole yana cikin abubuwan da aka danganta da dawowar. Da hannuna na rubuta a takardar asibitin can cewa shekara shida nake shan sa. Likitan ya gani, ya ga kuma ba ni da gyambo, bai ce mini uffan ba. Na dawo gida na ci gaba da haɗiyarsa kowace safiya, ina rage wa tumbina tsamin da ke kashe ƙwayoyin da ke shiga tare da abinci. Minti biyu ya ishe shi ya ce mini, maganin nan shara yake yi, idan ba a toshe inda ƙurar ke shigowa ba za ta sake taruwa. Kuɗin ganinsa, waɗanda suka je sun sani, ba na minti biyu ba ne.

Sai kuma abin da ya same ni a wani kemis a nan gida, wanda dole in faɗa don kada wani ya faɗa ciki. Na kai tsohon kwalin, yaron shagon ya duba ya miƙo mini wasu jajayen kafso, ya ce, "Alhaji, ai duk ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta." Har na sa a aljihu. A gida uwargida ta jera kwalayen biyu ta ce, "Malam, dubi rubutun nan da kyau, ba iri ɗaya ba ne." Rifampicin ne, maganin tarin fuka. Wannan yana shiga jini sosai, yana mayar da fitsari ja, yana iya taɓa hanta, yana kuma rage ƙarfin wasu magungunan da mutum ke sha. Harufa kaɗan ne tsakaninsu. Da na mayar, mai shagon ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi ai 'yan gida ɗaya ne. Sun haɗa dangi, gaskiya ne, amma aikinsu ba ɗaya ba.

Wata likita a nan Kano ce ta yi mini abin da ya kamata a yi tun farko. Ta zauna da ni kusan minti arba'in. Ta rage mini omeprazole a hankali har na bari, ta ce kada in yanke shi dare ɗaya don ƙwannafi yakan taso da ƙarfi. Ta tambaye ni yaya cikina yake da azumi. Na ce da rana lafiya lau, sai an sha ruwa ake shiga uku. Ta ce to ga amsar nan. Idan ciki ba komai, hanji yana da wani motsi da yake yi duk bayan kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, yana tura ragowar abinci da ƙwayoyi zuwa ƙasa, kuma da ka jefa wani abu a baki motsin ya tsaya. Ni kuwa a shago nake wuni, gyaɗa ta wuce in saya, mai shayi ya zo in sha, baƙo ya zo a kawo lemo. Wanda aka ce yana da olsa ma cewa ake kada ya bar cikinsa da yunwa, shawarar da na bi shekara da shekaru ke nan ina cutar da kaina. Yanzu sau uku nake ci, tsakani awa huɗu zuwa biyar ba komai sai ruwa.

Ta kuma ba ni tsarin abincin nan na FODMAP da Jami'ar Monash ta Ostireliya ta fitar, wanda ake rage abincin da ke da nau'ukan sukarin da bakteriyar hanji ke saurin ci su haifar da iska, na mako shida kawai, sannan a riƙa dawo da abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Nan na gano manyan abokan gabata: albasa, tafarnuwa, wake da burodi. Tuwon shinkafa da ƙwai da kifi ba ruwansu da ni. Miya ba albasa kam sai haƙuri, uwargida ta koma soya ta a mai ta tsame ta kafin ta zuba sauran kaya, ƙamshin ya zauna, cikina bai tashi ba. Mangwaro ne har yanzu nake kewa idan lokacinsa ya zo.

Zagaye na biyu na rifaximin ya yi aiki, amma ba irin na farko ba, sai wajen kwana goma na ji sauƙi. Shin zan ce a saya? Wanda aka gwada aka tabbatar, likita ya rubuta masa, eh, ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba a duk abin da na sha. Wanda iskar miten, wata iska daban da gwajin numfashin ke aunawa, ce ta yi masa yawa, mai fama da taurin bayan gida, likitar ta ce rifaximin kaɗai ba ya cika isarsa, akan haɗa masa da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, neomycin, don haka ma gwajin ya zama dole. Amma cikakken makin da na ba shi a baya na janye rabi. Wataƙila ba laifin ƙwayar ba ne, laifin wanda ya miƙo mini ita ne ba bayani, sai dai ni a jikina tare suka zo, kuma kuɗin Yaya da nawa da suka tafi sau biyu ba dawowa za su yi ba.

Wata takwas ke nan da gama zagaye na biyu. Akwai ranakun da cikin ke ɗan tashi, musamman idan na je biki na ci abin da ban san yadda aka dafa ba. Ranar Juma'a daga karin kumallo ba na sake sa komai a baki sai an sauko. Makon jiya liman ya ce in shiga gaba a sallar Isha'i, na ce, "Allah gafarta Malam, a bar ni da Asuba tukuna." Ita nake ja yanzu idan ba ya nan, don a lokacin cikina ya kwana ba komai.