Rajistar gwamnati ko littafin coci: ta ina ake fara neman kakanni a Ireland?

Malam, ka ce surukinka haifaffen Ingila ne, danginsa suna cewa kakan kakansu daga Ireland ya zo, ya kuma roƙe ka ka taya shi bin salsala, shi ne kake tambaya ko da rajistar gwamnati za ku fara ko da littattafan coci. Amsar ta rataya ne a kan shekarar da aka haifi mutumin, kuma shekarar da ta raba gardama ita ce 1864.

A wannan shekara ce gwamnati ta fara rubuta duk wata haihuwa da aure da mutuwa a Ireland. Kafin nan, tun daga 1845, auren waɗanda ba 'yan Katolika ba kaɗai take rubutawa. Rajistar tana da tsari guda, ana nemanta da suna, kuma kyauta ce a IrishGenealogy.ie muddin haihuwar ta wuce shekara 100, auren ya wuce 75, mutuwar ta wuce 50. Takardar haihuwa ɗaya za ta ba ku ƙauyen, da sunan uba da sana'arsa, da sunan gidan su uwar kafin ta yi aure, kuma da wannan ne za ku shiga ƙidayar jama'ar Ireland ta 1901 da ta 1911 ku tarar da gidan gaba ɗaya. Kada dai ku riƙe shekarun da aka rubuta a ƙidayar da ƙarfi, domin bayan an kawo fanshon tsofaffi a 1908, mutane da yawa sun ƙara wa kansu shekaru. Inda rajistar ta gaza shi ne, wanda ya fita a zamanin babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852, lokacin da kimanin mutum miliyan ɗaya suka bar ƙasar, ba za a sami haihuwarsa a ciki ba.

Littattafan coci sun fi ta nisa baya, amma sun fi ta wahala nesa ba kusa ba. A 2015 Laburaren Ƙasa na Ireland ya sa hotunan littattafan baftisma da na aure na cocin Katolika a intanet, galibinsu har zuwa wajen 1880. An jera su ne coci-coci, don haka sai kun san wane coci kuke nema kafin ku buɗe, sannan ku bi shafi-shafi cikin rubutun hannun limamin, wanda sau da yawa da Latin ya rubuta, ta yadda James zai fito a matsayin Jacobus. Wasu cocin birane sun fara rubutu tun ƙarni na 18, alhali wasu na karkarar yamma, irin su Mayo da Donegal, sai bayan 1850. Abin da na fi daraja a cikinsu shi ne sunayen waɗanda suka tsaya wa jariri a baftisma, domin yawanci 'yan'uwa ne ko maƙwabta, kuma idan sunan gidan Murphy ne, alal misali, su ne ke bambance Murphy ɗinku da sauran Murphy goma na yankin. Idan dangin 'yan Cocin Ireland ne, wato Angilika, sai an yi haƙuri, domin littattafansu da dama sun ƙone a gobarar Four Courts, harabar kotunan Dublin inda ma'ajiyar takardun gwamnati take, a 1922, tare da mafi yawan takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851.

Ni dai shawarata, ku fara da ta gwamnati ko da an haifi kakan kafin 1864, saboda 'yan'uwansa da suka zauna a gida sun yi aure sun mutu bayan nan, kuma takardunsu za su nuna muku cocin da za ku koma. Amma kafin duka biyun, sai surukinka ya samo sunan gunduma, ko ma ƙauyen, daga can Ingila: a bakin tsofaffin gidan, ko a jikin kabari, ko a ƙidayar Ingila ta 1911, wadda ta nemi haifaffun Ireland su faɗi gundumarsu. Da zarar gundumar ta samu, ku duba kundin ƙimanta filaye na Griffith, wanda aka buga tsakanin 1847 da 1864, ku ga ƙauyukan da masu wannan suna suke haya a cikinsu.