Fikof ɗin Hot Rails a jitar biki: abin da na gani bayan wata shida

Jitata ƙirar Stratocaster ce, daga cikin masu araha da ake kwaikwaya, kuma da ita nake kiɗa a bukukuwan aure tsakanin Agege da Idi-Araba a Legas. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne ƙugin da take yi da zarar an tada janareta, domin fikof mai naɗi ɗaya, wato maganaɗisun da aka nannaɗe da siririyar wayar tagulla a ƙarƙashin tsirkiyoyi, ba motsin tsirkiya kaɗai yake ɗauka ba, har da gunjin wutar lantarkin da ke kewaye da shi. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma a zauren da wayoyinsa ba su da kyakkyawan haɗi da ƙasa, wannan gunjin yakan fito ta lasifika kamar an kama ƙudan zuma a gwangwani.

Maganin tsoho ne. Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson hambaka, wato fikof mai kashe ƙugi, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957: naɗi biyu ne da aka juya wa juna baya, sai ƙugin ɗaya ya cinye na ɗayan, a bar sautin tsirkiya kaɗai. Sai dai hambaka na sosai ya fi ramin jitata faɗi, ni kuwa ba na son a sassaƙe mini katako. Shi ya sa na zaɓi Hot Rails na kamfanin Seymour Duncan, wanda hambaka ne da aka matse a girman mai naɗi ɗaya, yana da sandunan ƙarfe biyu a kwance maimakon kusoshi shida. Jitata fikof uku gare ta; na sa shi a gurbin da ke kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa kansa a jikin jitar, na bar sauran biyun yadda suke.

Kafin nan na kusa sayen jabu a wani shago, kwalinsa tsaf, farashinsa kuma ya yi sauƙin da ya kamata ya tsorata ni. Dattijon da ke yi mini gyara, wanda asali mai gyaran rediyo ne, shi ya ɗora masa mita, ya ce, "Ɗana, wannan ko rabin abin da aka rubuta bai kai ba, mayar musu." Na gaskiyar yana nuna wajen om (ma'aunin turjiyar waya ga lantarki) 16,000, alhali tsohon fikof ɗina bai wuce 6,000 da 'yan kai ba. Tun daga ranar ba na zuwa sayen irin wannan kaya, ko a kasuwar Alaba ko a ko'ina, ba tare da mita a aljihu ba.

Game da ƙugi, ya cika alkawari. A wani biki da aka ajiye janareta dab da dandamali, na buɗe sauti gaba ɗaya na ɗauke hannu daga tsirkiyoyi, ban ji komai ba sai hirar mata a bayan zaure. Amma duk wanda zai saya ya san cewa muryar jitarsa za ta canza. An yi shi ne don kiɗan rok mai nauyi, maganaɗisunsa na seramik ne, sautinsa kauri gare shi, kuma wannan tsinin mai ƙyalli da ake so a kiɗan hailaif ya ragu ƙwarai. Ya kuma fi sauran biyun ƙarfi, har sai da muka sassauta kusoshinsa muka yi ƙasa da shi kafin su daidaita. Dattijon ya cire maɓallin sauti mai om 250,000 ya liƙa mai om 500,000 da dalma, hasken ya ɗan dawo, ko da yake ba duka ba. Yanzu idan waƙa ta bukaci taushi nakan koma tsakanin fikof na tsakiya da na wuya, inda ƙugin ba ya fitowa a tawa jitar.

Mai kaɗa mana jitar bes ya ga haka ya so ya bi sahu, sai muka duba muka tarar tasa ƙirar Precision ce, wadda tun 1957 kamfanin Fender ya raba fikof ɗinta gida biyu don kashe ƙugi. Matsalarsa wayar da ke bi ta ƙarƙashin jaki ce ta tsinke, aka liƙe masa ita cikin minti 10.