Ruger 10/22 Takedown ta hannu: yadda na same ta

Duk wanda zai sayi wannan bindiga ta hannu, ya fara haska cikin bututunta da tocila kafin ya kalli ƙyallin jikinta. Tawa ƙotarta duk ta sha kwarzane, amma bututun fes yake, babu ko ɗigon tsatsa, shi ya sa ban yi wata-wata ba. Lambar da ke jikinta ma sai da na ga ta dace da ta takardu, aka kuma canja suna yadda doka ta tanada.

Kamfanin Ruger na Amurka ya fito da 10/22 tun 1964, wannan samfurin mai rabuwa biyu kuwa sai a 2012. Za ka danna ɗan ƙarfen da ke ƙasa, ka murɗa, sai bututun ya cire, ka zura duka a jakar goyo. Nauyinta ya ɗan haura kilo biyu. Gidan harsashinta mai juyawa ne, yana cin guda 10 na ƙaramin harsashin da ake kira .22 LR, kuma yana lafewa a cikinta ba ya leƙowa waje. Ita ke ɗura wa kanta harsashi na gaba, amma kowane harbi sai ka ja kunama. Shurin baya kusan babu, ɗan koyo ma ba zai firgita ba.

Inda na sha aiki shi ne dattin da mai ita na farko ya bari. Irin wannan harsashi yana da hayaƙi, ga maiƙo a jikinsa, to duk ya daskare a ciki kamar tsohon kwalli, har kwanso na maƙalewa bayan harbi. Buroshi da ɗan mai suka raba gardama. Akwai kuma zoben da ke ɗaure bututun da gangar jiki, shi ma na tarar ya saki, saiti yana ta yawo. Da na ƙara masa ƙarfi, harsasai suka koma taruwa wuri guda a mita 50. Wannan zoben, a ganina, shi ya kamata kowa ya taɓa kafin ya biya.

Ga zomo, kurege da koyon saiti, ba ni da ƙorafi. Babbar dabba irin barewa kuwa ba aikinta ba ne, rauni kawai za ka yi mata ta gudu da shi. Sannan ba ta tsayawa a buɗe idan harsashi ya ƙare, don haka sai ka cire gidan harsashin, ka ja ƙarfen da ke ɗura harsashi baya, ka leƙa ciki da idonka kafin ka ce babu komai a ciki.