Sharhi kan GBIF, rumbun sunayen dabbobi da wuraren da aka gan su

Duk mai aikin tantance dabbobi, ɗalibi ne ko mai bincike, tambaya biyu ce ke gabansa kullum: mene ne sunan wannan halitta a kimiyyance, kuma a ina ake samunta? An gina shafin intanet na GBIF (Global Biodiversity Information Facility), rumbun bayanan halittu na duniya da ya haɗa dabbobi da tsirrai, don a samu amsar biyun a wuri guda. An kafa shi a 2001, ofishinsa yana Kopenhagen, babban birnin Danmak, gwamnatocin ƙasashen da suka shiga ne ke ɗaukar nauyinsa, mai amfani kuma ba ya biyan komai. Shi kansa GBIF ba ya kama ko ƙwaro ɗaya. Tarawa kawai yake yi: gidajen adana samfurori, jami'o'i, masu kallon tsuntsaye ta eBird, masu ɗaukar hoto ta iNaturalist, kowa ya zuba nasa cikin tsari ɗaya da ake kira Darwin Core. Bayanan da ke ciki sun haura biliyan 2 tun tuni, kowane ɗaya yana cewa an ga kaza, a wuri kaza, a rana kaza.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne babu kamarsa wajen yawa da sauƙin samu. Sai dai ɗanyen kaya yake miƙa maka, wanda kuma ya ɗauka ya sa a rahoto kai tsaye zai ji kunya a gaban masana.

Bari mu fara da suna, don nan ne aka fi tuntuɓe. A wannan rubutu za mu ce nau'i ga matakin ƙasa, jinsi ga wanda ke samansa, dangi kuma ga wanda ya haɗa jinsuna. Sunan kowane nau'i kalma biyu ne, ta farko ta jinsi da babban harafi, ta biyu da ƙaramin harafi. Dokar sanya wa dabbobi suna ta ɗauki 1 ga Janairu 1758 a matsayin mafari, shekarar bugu na goma na littafin Systema Naturae na Linnaeus, masanin halittu ɗan Sweden, kuma ƙa'idarta ita ce sunan da ya riga fitowa a rubuce shi ke da gaba. In ka rubuta sunan zaki a akwatin nema, shafin zai ba ka Panthera leo (Linnaeus, 1758). Wannan bakan da ya kewaye sunan mutum da shekara ba ado ba ne. Yana nufin Linnaeus ya sa zaki a wani jinsi dabam, wato Felis leo, daga baya aka mayar da shi Panthera. GBIF yana kiyaye wannan da kyau, yana kuma jera tsofaffin sunaye a ƙarƙashin wanda ake karɓa yanzu, saboda haka in ka nemi sunan yau, bayanan da aka shigar da sunan jiya za su biyo shi. Wannan kaɗai ya isa ya rage wa mutum aikin makonni.

Yadda yake yin haka shi ne yana da babban jerin sunaye nasa, wanda ya dogara da Catalogue of Life da wasu jeri na ƙwararru. Duk bayanin da ya shigo, kwamfuta za ta gwada sunansa da na jerin. In ya dace daidai, shi ke nan. In an yi kuskuren harafi, za ta kai shi ga mafi kusa ta sa masa alama. In ba ta gane kalma ta biyu ba, sai ta ɗaga shi zuwa jinsi ko dangi. Wannan na ukun ne ke cutar da mutane a ɓoye: sabon nau'in da aka bayyana kwanan nan, wanda jerin bai kai gare shi ba, bayanansa za su nutse cikin jinsi, ka nema ka rasa ka ɗauka babu.

Akwai kuma takwarori. Dokar sunayen dabbobi dabam take da ta tsirrai, babu wadda ta hana ɗaya amfani da sunan da ɗayar ta riga ta ɗauka. Ficus sunan jinsin ɓaure ne, kuma sunan wani jinsin katantanwar teku ne. Morus bishiya ce, kuma tsuntsun teku ne. Oenanthe ma haka, tsuntsu da tsiro. In kana ɗora jerin sunaye a manhajar daidaita suna ta shafin, ƙara gurbi guda a teburin ka rubuta Animalia, wato dabbobi, a gaban kowanne. In ka bar shi haka, kana iya tashi da taswirar bishiyoyi kana zaton ta tsuntsaye ce.

Matsalar da ta fi waɗannan duka girma ba ta da maganin kwamfuta, ita ce rabuwar nau'i. Ɗauki kada. Shekara da shekaru duk manyan kadojin ruwan daɗi na yawancin Afirka ana kiran su Crocodylus niloticus. A 2011 binciken ƙwayoyin gado, wanda ya haɗa har da gawarwakin kadojin da tsofaffin Misirawa suka adana, ya tabbatar cewa na yammaci da tsakiyar nahiyar nau'i ne dabam, aka farfaɗo masa da tsohon suna Crocodylus suchus. To, samfurin da aka ajiye a kwalba tun kafin nan, takardarsa har yau niloticus take cewa. Sunan kuwa halastacce ne, yana nan a jerin, don haka kwamfuta ba za ta ga laifi ba, ba za ta sa wata alama ba. Ɗigon zai fito a taswirar da ba tasa ba, lafiya lau. Haka dilan Afirka ta arewa da aka daɗe ana haɗa shi da Canis aureus, dilan Turai da Asiya, har 2015 da aka nuna ya fi kusa da kyarkeci aka ware shi. Haka giwa: Loxodonta africana ta fili da Loxodonta cyclotis ta kurmi, waɗanda IUCN, hukumar duniya mai kula da kare halittu, ba ta fara auna haɗarin ɓacewarsu a rarrabe ba sai 2021. Masu aikin sauro kuwa sun fi kowa shan wahala, domin Anopheles coluzzii bai samu suna ba sai 2013, kuma ido ba ya raba shi da Anopheles gambiae ko da madubin ƙara girma, sai gwajin ƙwayoyin gado. Duk tsohon bayanin da ya ce gambiae, ɗauke shi a matsayin tarin 'yan'uwa masu kama ɗaya har sai ka ga yadda aka tantance.

Abin yi a nan bai wuce uku ba. Ka san shekarar da aka raba nau'in da kake aiki a kai. Ka duba ranar da aka tantance samfurin da sunan wanda ya tantance, in an rubuta. Sannan ka gwada sunan da jerin ƙwararrun rukunin: WoRMS ga halittun teku, Reptile Database ga masu jan ciki, Mammal Diversity Database ga masu shayarwa. Sau da yawa suna riga GBIF sabuntawa.

Sai taswira. Tana buɗewa da sauri, tana da kyaun gani, kana iya zana da'ira ko murabba'i ka tace abin da ke ciki kawai. Amma ɗigo nawa ne ke wurin da ya dace?

Wasu kurakuran shafin da kansa yana kama su ya rubuta a gurbin da ya kira issue. Wanda ya bar gurbin lambobin wuri babu komai, manhajarsa ta cike da sifili da sifili, dabbarsa za ta faɗa tsakiyar Mashigin Tekun Gini, inda layukan sifili biyu suka haɗu. Wanda ya manta alamar ragi a lonjitud, samfurin da aka kama a Senegal, digiri 14 arewa da 15 yamma, zai bayyana a Chadi. Wanda ya juya latitud da lonjitud shi ma ɗigonsa zai faɗa wani wuri dabam. Waɗannan masu sauƙi ne, tun da ƙasar da aka rubuta ba ta dace da inda ɗigon ya faɗa ba. Masu wuyar su ne waɗanda suka faɗa cikin ƙasar da ta dace. Tsohuwar takarda ta ce Brazil kawai, wani ya sa mata lambobin tsakiyar Brazil. Wata kuma an sa mata lambobin ginin da samfurin yake ajiye, sai ka ga kifin teku a tsakiyar birni. In ka ga ɗaruruwan bayanai na nau'o'i daban-daban sun taru a ɗigo ɗaya tak, yi shakka.

Ka riƙa ƙirga lambobin da ke bayan ɗigon desimal a cikin latitud da lonjitud. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, don haka lamba ɗaya bayan ɗigo na nufin kuskure na iya kai kilomita 11, biyu kuma kilomita ɗaya da ɗan ɗori. Akwai gurbin da ke faɗin girman rashin tabbas da mita, coordinateUncertaintyInMeters, sai dai masu zuba bayanai da yawa suna barin sa fanko, fanko kuma ba ya nufin daidai. Wani lokacin ma da gangan ake gusar da wurin. iNaturalist yana ɓoye ainihin inda aka ga nau'in da ke cikin haɗari, ya jefa ɗigon a ko'ina cikin murabba'i mai digiri 0.2 kowane gefe, don kada mafarauta su bi sawu. Dalilin mai kyau ne, amma irin wannan ɗigo ba ya amfani ga mai son sanin ko dabbar na zaune a gaɓar kogi ko kan tudu.

Matatar da muka fi ba muhimmanci ita ce basisOfRecord, wadda ke faɗin irin shaidar. Samfurin da aka adana shi ne mafi ƙarfi, don ana iya komawa a ciro shi a sake dubawa. Ganin ido da ba hoto shi ne mafi rauni. Cire na dabbobi masu rai da ke tsare, in ba haka ba za ka samu raƙumin dawa a Jamus, cire kuma burbushin halittun da suka zama dutse in rayuwar yau kake nazari. Duba kuma kada ka haɗa da bayanan da ke cewa an nema ba a gani ba, domin su ma suna da lambobin wuri.

Saukewa na buƙatar rajista, ita ma kyauta. Za a ba ka zaɓi tsakanin tebur mai sauƙi, cikakken kundi na Darwin Core, da jerin nau'o'i zalla. Mu cikakken kundin muke ba da shawara, saboda yana zuwa da fayil biyu, ɗaya yadda GBIF ya fassara bayanin, ɗaya yadda mai shi ya rubuta shi tun asali, kuma sai ka jera su ne za ka ga inda kwamfuta ta canza suna. Tebur mai sauƙin, ko da yake ana kiran sa CSV, ba waƙafi ne ke raba shafukansa ba, tazara ce, wanda bai sani ba zai buɗe ya ga komai a cakuɗe. Excel kuma ba ya ɗaukar fiye da layi 1,048,576, yana yanke sauran, yana kuma lalata tsarin kwanan wata. Masu aiki da manhajar nazarin alƙaluma ta R su yi amfani da rgbif wajen saukewa da CoordinateCleaner wajen gano ɗigon tsakiyar ƙasa, na babban birni da na cikin teku. Neman kai tsaye ta manhaja yana tsayawa a bayani 100,000, abin da ya wuce haka sai ta hanyar saukewa. Abin yabo na gaske shi ne kowace saukewa tana samun lambar DOI tata, wato lambar shaida ta dindindin a intanet, wadda ke riƙe da matatun da ka sa da ranar da ka sa su, ta yadda wani zai iya bin sawun aikinka. Ka duba lasisi ma: wasu bayanan CC0 ne, ba sharaɗi, wasu CC BY da ke neman a ambaci mai su, wasu kuma CC BY-NC da suka hana kasuwanci da su.

Ga mai koyar da yadda dabbobi suka rarrabu a doron ƙasa, shafin abin nuni ne mai daɗi. Masanin dabbobi Philip Sclater ya raba duniya yanki shida bisa tsuntsaye a 1858, takwaransa Alfred Russel Wallace ya faɗaɗa aikin a 1876, layin da ke ɗauke da sunansa, mai raba dabbobin Asiya da na yankin Ostireliya, kuma ya ratsa tsakanin Bali da Lombok, da tsakanin Borneo da Sulawesi. Rubuta Phalangeridae, dangin wasu dabbobi masu jakar goyo da ke zaune a bishiya, za ka ga ɗigo a Sulawesi da gabas da shi, Borneo kuwa wayam, alhali mashigin ruwa kawai ya raba su. Amma taswirar nan ɗaya za ta nuna New Zealand cike maƙil, kuma dabbar ba 'yar can ba ce: Trichosurus vulpecula ce da aka kai daga Ostireliya a ƙarni na 19 saboda fatarta. Akwai gurbin da ya kamata ya faɗi ko dabba 'yar asali ce ko baƙuwa, galibi ba a cike shi.

Yawan ɗigo kuma ba yawan dabba ba ne. Fiye da rabin bayanan na tsuntsaye ne, alhali ƙwari sun ninka su yawan nau'i nesa ba kusa ba. Turai da Arewacin Amurka sun yi baƙi da ɗigo, kurmin Kwango da Sahara sun yi fari, ɗigon da ke akwai ma ya bi hanyoyin mota da gefen birane. Wurin da ba ɗigo yana iya zama ba dabbar, yana iya zama ba wanda ya je. Mai son iyakar mazaunin nau'i ya haɗa da taswirorin IUCN da masana suka zana da hannu, ya ga inda suka saɓa.

Ƙorafi biyu suka rage. Shafin ba shi da Hausa, ko da yake akwai Larabci da Faransanci, neman dabba da sunan gida kuma ba abin dogaro ba ne, sai da na kimiyya. Na biyu, in ka gano kuskure GBIF ba ya gyara bayanin da kansa, tun da ba nasa ba ne. Sai ka buɗe shafin kundin da bayanin ya fito, ka ɗauki lambar samfurin, ka rubuta wa cibiyar da ta wallafa shi. In sun gyara a wajensu, gyaran zai bayyana a GBIF lokacin da ya sake kwaso kundin nasu.