Sharhi: kwanan daji cikin motar RV a bakin tafkin Itaska

Ga mai iyali da ke zaune a Amurka, wanda yake sha'awar kwanan daji amma mutanen gidansa sun ce ba za su kwana a tanti ba, shawarata ita ce ya ɗauki hayar motar RV ya nufi gandun dajin Itaska da ke arewacin jihar Minesota. Mun je da rani, ni da uwargida da yara da kuma Hajiya, mahaifiyata, wadda ta zo mana ziyara daga gida. Wurin ya biya kuɗinsa har da ƙari. Motar kuwa sai da muka yi mata bauta kafin ta yi mana amfani, kuma a kanta yawancin ƙorafina yake.

RV mota ce mai ɗauke da gida a bayanta: gadaje, kicin da murhun gas, firij, ɗan banɗaki da shawa. Wadda muka ɗauka matsakaiciya ce, irin mai gado a saman kan direba, tsawonta wajen ƙafa 25, kuma lasisin tuƙi na yau da kullum ya isa a tuƙa ta. Daga Miniyapolis, birni mafi girma a jihar, zuwa Itaska tafiyar kamar awa 4 ce a ƙaramar mota, amma da wannan sai an ƙara, don ba ta son gudu, kuma duk tirelar da ta wuce ka sai ka ji iska ta ture ka gefe. Shan mai kuwa ba a cewa komai, galan ɗaya da ƙyar ya kai ka mil 10. Kamfanin da ya ba mu haya kuma yana cajin kuɗi a kan kowane mil bayan kuɗin kwana, ga na tsaftacewa, ga na inshora. Da aka haɗa lissafi, ba ta fi otal arha ba. Duk wanda ya ce maka RV hanyar rage kashe kuɗi ce, tambaye shi ko tasa ce ta kansa.

Itaska shi ne gandun daji mafi daɗewa a cikin waɗanda jihar Minesota ke kula da su, tun 1891 aka kafa shi, kuma faɗinsa ya haura eka 32,000. Sansanonin kwana manya guda biyu ne, Pine Ridge da Bear Paw. Mu a Bear Paw muka sauka domin shi ne a gaɓar tafkin. Ana kama wuri ta intanet tun saura kwana 120, kuma wuraren da ke da wutar lantarki a kusa da ruwa ba sa daɗewa, musamman na ƙarshen mako. Ban da kuɗin wurin kwana, akwai takardar izinin shiga da mota da ake saya daban, ta yini ko ta shekara.

Filin da aka ba mu yana da sandar lantarki da za a jona motar, da teburin katako, da zoben ƙarfe na hura wuta. Shi ke nan. Babu famfo a jikin fili, babu bututun zubar da ƙazanta, kuma wannan shi ne ya kamata mai zuwa ya fahimta tun daga gida. Motar tana da tankuna uku: na ruwa mai tsafta, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na bayan gida. Da abin da ka cika za ka zauna, kuma duk abin da ka zubar yana nan tare da kai a ƙarƙashin mota har sai ka tuƙa ta zuwa wurin juyewa. Wanda ya ƙera tankunan nan bai yi lissafin gidan da mutum shida ke alwala sau biyar a rana ba. Kafin mu ankara fitilar tankin wanke-wanke ta nuna ya kusa cika. Sai muka sake tsari: alwala a waje da buta, wanka a banɗakunan sansanin, waɗanda muka tarar da tsafta kuma da ruwan zafi, banɗakin mota kuma aka bar wa Hajiya da yara saboda dare. Da haka muka zauna lafiya.

Juye tankin aiki ne na maigida, ba wanda zai yi maka. Za ka sa safar hannu, ka jona wani kakkauran tiyo, ka fara buɗe na bayan gida, sannan na wanke-wanke ya biyo baya ya ɗauraye tiyon. Ba ya ɗaukar lokaci, sai dai ranar Lahadi da hantsi akwai layi, kuma na bayanka suna zaune a motocinsu suna kallon yadda kake yi. Wata fitilar tankin a motar tamu ma ƙarya take yi, tana nuna a cike bayan an juye, kuma mai ba da hayar bai faɗa mana ba sai da muka mayar.

To me aka saya da duk wannan wahala? Shiru. Dokar wurin ita ce daga ƙarfe 10 na dare zuwa 8 na safe ba hayaniya, ba kiɗa, ba janareto, kuma mutane suna bin ta ba tare da an tsaya a kansu ba. Abin da ya sa dokar ta yi mana wani iri shi ne, a tsakiyar rani a can arewa rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9. Kana idar da magariba, hira ta fara daɗi a bakin wuta, sai lokacin yin shiru ya yi. Mu kuwa da an fara labarin gida murya ba ta san ƙasa ba. Daren farko uwargida ta yi ta taɓa ni tana cewa, "Baban yara, rage murya, kowa ya kwanta." Isha sai wajen 11, asuba kuma tun kafin 4, don haka wanda bai yi ƙailula ba zai sha wuya.

Asubar ce ma ta fi komai. Hazo yana kwance a kan ruwa, ga wani tsuntsun ruwa da suke kira loon, baƙi mai ɗigo-ɗigon fari da jan ido, wanda shi ne tsuntsun da jihar ta ɗauka a matsayin alamarta. Kukansa dogo ne, yana tashi yana sauka, yana ratsa tafkin daga wannan gaɓa zuwa waccan. Da Hajiya ta fara jin sa sai da ta yi a'uziyya, ta ce, "Kai, wannan daji da mutanen ɓoye ka kawo mu?" Da gari ya waye na nuna mata shi yana nutso yana kamun kifi, daga nan kullum sai ta sa a fito mata da kujera bayan salla ta zauna da carbinta tana jiran sa. Matar da ta ce ba ta ga dalilin da mai gida da gado zai biya kuɗi ya kwana a jeji ba, ita ce ta fi kowa jin daɗin wurin.

Ta fuskar abinci motar ta yi rana. Mun cika firij da naman halal daga Miniyapolis, uwargida ta yi miya ta daskarar tun a gida, muka riƙa gasa tsire a kan wutar waje da yajin da Hajiya ta zo da shi. A garuruwan kusa, Park Rapids da Bemidji, za ka samu kayan masarufi, amma kada ka dogara da su wajen nama. Itacen wuta kuma ba a zuwa da shi daga ko'ina, sai wanda hukuma ta amince da shi, saboda wani ƙwaro da ke ɓuya a cikin itace yana kashe bishiyoyi. Ana sayarwa a cikin gandun. Firij ɗin irin waɗannan motoci ba ya aiki sosai idan mota ta karkace, shi ya sa ake saka ƴan katakai a ƙarƙashin taya a daidaita ta kafin komai.

Abin da ke kawo yawancin mutane Itaska shi ne mafarin kogin Misisipi. A nan yake fita daga tafkin ta kan jerin duwatsu, bai fi rafin da yara ke tsallakewa da damina a ƙauye ba. An kafa wani gungumen itace da aka rubuta cewa daga nan, a tudun ƙafa 1,475 sama da teku, kogin ke kama hanyar mil 2,552 zuwa mashigin tekun Mekziko. Yara sun tuɓe takalma sun tsallaka ya fi a ƙirga. Henry Schoolcraft ne aka rubuta a tarihi cewa ya gano mafarin a 1832, ko da yake wani mutumin ƙabilar Ojibwe mai suna Ozawindib ne ya nuna masa hanya, wato masu wuri sun san abinsu tuntuni. Cibiyar baƙi da ke wajen tana ɗauke da sunan Mary Gibbs, wadda a 1903, tana da shekara 24, take riƙe da gandun, ta tsaya gaban masu saran katako da suka datse ruwa har yana neman cinye bishiyoyi, aka nuna mata bindiga ba ta ja da baya ba. Dogayen itatuwan da ake yawo a ƙarƙashinsu yau, wasu sun kai shekara 300. Sai dai wannan ɓangaren cike yake da jama'a da rana, wanda ke son sa shi kaɗai ya je da sassafe.

Akwai wata matsala da ban taɓa tunani ba sai a can: motarka ita ce gidanka. Duk inda za ku je, ko mafarin kogin ne ko zagayen daji na kusan mil 10 da ake yi da mota, sai an cire waya, an naɗe rumfa, an kulle kowace durowa, an ɗaure tukwane, in an dawo kuma a sake daidaita ta da baya-baya. Mun koma hayar kekuna, akwai hanyar keke mai kwalta a cikin gandun, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Masu tirelar da ake ja da wata mota sun fi mu morewa a nan, sukan ajiye gidan su tafi da motar.

Sauro yana nan da yawa, da yamma ba ya jin roƙo, ga kaska a cikin ciyawa, don haka a duba jikin yara kowane dare, a kuma zo da maganin shafawa da dogon wando. Sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa. Kada a bar abinci a kan tebur da dare, dabbobin dajin ba su da kunya. Dare yakan yi sanyi ko da rani ne, Hajiya da bargo biyu ta riƙa kwana.

In za mu koma, tsakiyar mako zan kama, a farkon Satumba lokacin da sauro ya ragu kuma magariba ta dawo daidai, sannan wani ya biyo mu da ƙaramar mota.